Tsibirin da Waya Ba Ta Kamawa

Wayoyin biyu suna kwance a cikin wani ƙaramin tankin gilashi da ba a kai ga zuba wa ruwa ba, tata da tasa, duk a kashe. Shi ya ajiye su da hannunsa, ya ɗora murfi, ya ce sai rana ta faɗi.

Auta ta zauna a kan bencin shagon tana kallonsu kamar mai jinya a bakin gado.

Auta ake ce mata har yau, duk da ta haura talatin da biyar, furfura ma ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A gidansu sunan ba shagwaɓa yake nufi ba. Yana nufin wadda ta rage bayan kowa ya kwashi kayansa ya tafi. Yayyenta mata sun yi aure sun bi mazajensu garuruwa masu nisa. Yaya Babba ya ɗora bene a kan tsohon gidan ya haye da iyalinsa. Ita aka bar wa ƙasa, da Mama, da ciwon sugan Mama.

A wani asibitin kuɗi take aiki, a teburin ba da kati. Ko auduga ba ta taɓa miƙa wa likita ba, amma tunda kullum da safe ana ganin ta nufi asibiti, dangi suka naɗa ta likitar gida. Allurar safe ita, allurar la'asar ita. Yaya Babba, ƙaton ɗan kwangila mai muryar da ke sa leburori rawar jiki, da zarar ya ga tsinin allura sai ya tuna ana jiransa a waje. Matarsa kuwa tun farko ta faɗa, cikin ladabi, cewa hannunta yana rawa.

"Kin sake kallon tankin nan," in ji shi, bai ko juyo ba.

"Kifi nake kallo."

"Babu kifi a wannan."

Shi ne wanda 'yan gidansu ke kira Mai Kifi, da irin muryar da ake kiran mai tallan gawayi. Sana'arsa haɗa tankunan gilashi na kifin ado. Yana kai wa otal-otal da ofisoshi, yana zagayawa duk mako ya wanke, ya duba injin iska, ya tsame wanda ya mutu kafin manyan baƙi su gani. Shagon nasa kullum ƙasa a jiƙe, ga bokitai, ga tiyo a nannaɗe, ga warin gam, ga wani koren haske da ke sa kowa ya yi kama da marar lafiya. Ita kuwa Kyaftin take ce masa, don tun ranar da ya zo yankar kati a teburinta yake maganar teku, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka kwale-kwale ba.

An sa musu rana an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa. Babu wanda ya taɓa cewa ba za a ba shi ita ba. Gidan mutunci ne, ba a cewa a'a. Cewa aka yi a bari a yi wa Mama aikin ido. Aka yi, ido ya buɗe tar. Sai aka ce a bari Yaya ya gama bene. Sai kuma a bari 'yar Yaya ta gama jarrabawa, kamar Auta ce za ta rubuta mata. Duk wanda ya zo gaida Mama sai ya yaba haƙurin Auta, ya ce ladanta yana can yana jiranta. Masu wannan yabon, in an lura, a tsaye suke yinsa, da makullin mota a hannu.

Ana cikin haka Mai Kemis ya shigo zancen. Katangarsa ce ta jingina da tasu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma, mutum ne mai tsafta da sanyin murya, ba a taɓa jin ya yi wa ko akuya tsawa ba. Mama kuwa Likita take ce masa. Yaya Babba ya sha zaunar da Auta yana jero mata alherin mutumin, kuma duk inda ya faro a wuri ɗaya yake sauka: in aka fasa ƙofa a katangar nan, ko mayafi ba sai ta yafa ba za ta leƙo Mama. Ba a daɗe ba ta gane ba miji ake nema mata ba, gajeriyar hanya ake nema wa gidan.

Shi kuwa Kyaftin abu ɗaya ya roƙa. Mako guda bayan an ɗaura, su biyu, a wani ɗan tsibiri can ƙarshen gaɓar teku. Mota za ta kai su inda kwalta ta ƙare, daga nan sai kwale-kwale mai inji. Wata dattijuwa ce ke da masauki a wurin, 'yan ɗakuna a kan ƙafafun katako, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsu. Gaban masaukin akwai duwatsun murjani a cikin ruwa, masu rai, sun yi rassa kamar lambu, kuma duk irin kifayen da ya shekara yana tsarewa a gilashi a can suke yawonsu babu mai su. Babu lantarki sai na hasken rana. Waya ba ta kamawa.

Wannan na ƙarshen ne ya tayar da ƙura. Yaya Babba ya ce duk namijin da ya zagaye duniya ya zaɓi inda ko mutuwa aka yi ba za a sami 'yar mutane ba, to ya faɗi nufinsa ba tare da ya buɗe baki ba. A gaban Mama ya faɗa. Mama ta juya fuska bango, ranar ko ruwa sai da aka lallashe ta.

Shi ya sa Kyaftin ya kawo shawarar gwaji. Wuni guda, ranar Asabar, waya a kashe, a ga ko gidan zai rushe. Auta ta yi allurar safe, ta jera magunguna, ta roƙi tsohuwar nas ɗin bayan layi ta zo da la'asar, Yaya ya ce ya ji, zai aika a ɗauko ta. Kuma Asabar ɗin ba a banza aka zaɓe ta ba. Ranar ce uwar masaukin ke tsallakowa gaɓa sayayya, ranar ce kaɗai ake samunta a waya. Ta riƙe musu ɗakin duk tsawon ɗage-ɗagen nan, ta ce yau ce ta ƙarshe. In wata mai zuwa ya wuce iska za ta taso, ruwa ya gurɓace, kwale-kwale ya daina tsallakawa sai baɗi.

"Taso ki gwada," in ji Kyaftin.

Ya ciro tabaran shiga ruwa daga leda, mai roba a gefe da ɗan bututun da ake cizawa a baki. Ya ce ba zai kai ta tsakiyar teku ta fara koyon numfashi a can ba, ta kunyata shi a gaban kifaye. Ya ja kujera gaban babban tankin da ke tsakiyar shagon, wanda wani otal ya sa aka yi ya fasa karɓa. Ya cire murfin, ya nuna mata yadda za ta ciji robar ta sunkuya, fuskarta kawai ta nutse.

Ta ce in mai saye ya shigo ya ga mace da kai a cikin tanki me zai ce masa. Ya ce zai ce sabon iri ne, ba na sayarwa ba.

Ta yi dariya, ta farko a ranar. Ta ɗaure ɗankwalinta ta baya, ta sunkuya.

Ruwa ya rufe kunnuwanta, duniya ta ɗauke. Gurnanin injinan iska ya koma can nesa. Ba ta jin komai sai numfashinta yana shiga yana fita ta bututun, a hankali, kamar na wata mata dabam da ba a jiranta a ko'ina. Wani ɗan kifi ruwan ɗorawa mai baƙin zane ya zo daidai hancinta ya tsaya. Ya dube ta, bai nemi komai a wurinta ba, ya wuce. Rabon da wani mai rai ya yi mata irin wannan duban har ta manta.

Sai ta ji waya tana ƙara.

Sarai ta ji ta, kiɗan da ta sa wa lambar Mama. Ta zabura, ruwa ya shiga bututun, ta ɗago tana tari kamar ranta zai fita. Idonta ya tafi kan ƙaramin tankin. Wayoyin suna nan yadda aka ajiye su, fuskarsu baƙi ƙirin.

Kyaftin ya miƙa mata tawul. Bai tambaye ta abin da ta ji ba. Ya kife bokiti ya zauna a gabanta, ya daɗe yana murza tafin hannunsa da gam ya bushe a kai.

"Uwar masaukin ta gaya min kin kira ta wancan satin."

Gaskiya ne. Ta kwafi lambar daga wayarsa, ta kira a ɓoye daga bayan teburin kati, ta tambaya ko duk tsibirin babu inda waya ke ɗan kamawa. Matar ta ce akwai, a saman tankin ruwan masaukin, in mutum ya hau tsani ya ɗaga hannu, kuma iska ta ga dama.

"Ta ce har kin tambaya ko tsanin yana da ƙarfi."

Auta ta sunkuyar da kai cikin tawul.

"Ban ji haushi ba," ya ce. "Da haushi na ji da ya fi min sauƙi. Zama na yi ina hango kaina a gindin tankin ruwa, ina riƙe wa amaryata tsani, ita tana sama tana tambaya ko an ba Mama shayi."

"Uwata ce, Kyaftin."

"Ni ma uwa ce ta haife ni, kuma a hannuna ta cika. Ban ce ki bar ta ba. Ɗaki na gyara mata a gidana, kin gani da idonki, Yayanki ya ce abin kunya ne. Mako guda na roƙa. Na dawo na roƙi wuni guda. Ga shi ko la'asar ba a yi ba."

Kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya zo, ba mai ƙara ba, irin na wanda ya gaji da kukan ma.

"Kai kana ganin so nake yi? Na gaji. Wallahi na gaji har cikin ƙashina. Ko barci nake kunnena ɗaya a buɗe yake. Amma in na tafi wani abu ya faru, kai za ka yi baƙin ciki ka warke. Ni kuwa nuna ni za a riƙa yi da baki har in mutu, ga wadda ta bar uwarta ta tafi kallon kifi."

"To ki auri katangar," ya ce a hankali.

Yana faɗa ta ga ya yi nadama, amma maganar ta riga ta fita. Ta miƙe, ta ɗaga murfin ƙaramin tankin, ta ɗauki tata ta bar tasa. Bai hana ta ba.

Wayar na kunnuwa ta hau rawa a hannunta. Sunan Mama ne tun daga sama har ƙasa, kira a kan kira. Ƙarƙashinsu saƙon Yaya Babba: ba a sami nas ba, Mama tana zufa, Auta ta ji tsoron Allah.

A motar aikinsa ya kai ta, bokitai suna karo da juna a baya. Da suka iso bakin layinsu ya tsaya bai kashe mota ba. Ya yi magana yana kallon titi.

"Ba zan kira uwar masaukin ba. Na ba ta haƙuri har na fara jin kunyar muryata. Kina da lambarta. Kwale-kwalenta zai tashi kafin rana ta faɗi. In kin ce a riƙe ɗakin, gobe kawuna zai zo wurin Yayanki a sa rana, wadda ba a ɗagawa. In ba ki kira ba, ba sai kin gaya min komai ba."

Ta ce to in tana nemansa fa. Ya ce wayarsa tana inda ya ajiye ta, shi bai fasa alkawarin ba.

Ta ƙofar baya ta bi, don ta fi kusa. Hanyar ta ratsa ta gefen igiyar shanya da tagar ɗakin Mama. Labulen a ɗan zuge yake. Ta leƙa tana addu'ar ta ga ƙirjin tsohuwar yana motsi.

Mama tana zaune a bakin gado, bayanta a miƙe, tabarau a kan hanci. Kwalbar maganin allura tana tsakanin tafukanta tana murzawa don sanyin firij ya sake ta, daidai yadda Auta ke yi. Ta zuƙi maganin da sirinji, ta ɗaga shi wajen haske, ta kanne ido, ta ɗan buga shi da farce har kumfar ta tashi. Ta ɗaga riga, ta tsunkuli fatar cikinta, ta soka. Hannunta ko gezau. Ta jira leɓɓanta suna motsi, ta zare, ta rufe tsinin, ta jefa shi cikin gwangwanin da Auta ke tara su. Ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta mayar da kwalbar firij, har da juya tambarin ya kalli gaba kamar yadda ta same shi.

Sannan ta dawo ta cire tabaran, ta kwanta, ta ja bargo har wuya, ta lalubo waya.

Wayar Auta ta yi rawa a hannunta. Ta kara a kunne.

"Auta..." Muryar siririya kamar zare. "Kina ina? Jikina duk ya saki. Ban ga kowa ba."

"Mama, sa tabaranki ki kalli taga."

Da ta shiga ɗakin ta tarar Mama ta tashi zaune. Ta yi zaton za ta ga kunya, ba ta gani ba. Gajiya ta gani, irin tata sak, kamar ta leƙa madubi. Ta zauna a ƙasa ta jingina da firij.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka buɗe min ido."

Aikin idon da aka fara ɗaga aurenta dominsa. Ashe duk ranar da aiki ya riƙe ta, ta dawo a guje aka ce nas ta zo ta yi, babu nas ɗin da ta zo. Auta ta buɗe baki, abubuwan da za ta faɗa suka yi yawa suka toshe ƙofar. Abin da ya fito kaɗan ne.

"Na tsufa a ɗakin nan, Mama."

"Na sani. Ina kallo."

"To me na yi miki?"

Mama ta daɗe tana gyara bakin bargo kafin ta amsa. Ba ta ƙanƙantar da murya ba wannan karon, da tata ta gaskiya ta yi magana.

"Tun da babanku ya rasu kin ga wanda ya zauna a gadon nan? Yayanki a bakin ƙofa yake tsayawa, Mama ya jiki, kafin in ce da sauƙi ya kai bene. 'Yan'uwanki mata a waya suke sona. Jikokina in sun shigo sai sun toshe hanci a ɓoye, suna zaton ban gani ba. Ke kaɗai kike zama. Ki ɗumama hannunki, ki ɗaga min riga, ki taɓa ni. In na ce na iya, wa zai sake taɓa ni sai masu wanka?"

Auta ta rufe fuska. Ta zo da fushin da take ganin zai ishe ta ta fice daga gidan ba waiwaye, ga shi an zare masa ƙashin baya. Mutane suna son a ce a kowace rigima akwai mai zalunci da wanda aka zalunta, don su san gefen da za su tsaya. A ɗakin nan mata biyu ne kawai da aka bar wa juna, kowacce ta riƙe 'yar'uwarta har ta ji mata ciwo.

Ba su gama share fuska ba suka ji takalma a tsakar gida. Mama ta koma ta kwanta, kamar wadda jikinta ya saba da kansa.

Yaya Babba ne a gaba, Mai Kemis a bayansa da 'yar jaka a hannu, sabuwar hula, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Kallo ɗaya Auta ta yi musu ta gane babu wanda ya je neman nas. Yaya ya tsaya a inda ya saba, bakin ƙofa, ya fara. Ya ce ga abin da yake faɗa tun farko. Wuni guda kawai, ga tsohuwa tana neman tafiya, ba don Allah ya sa akwai maƙwabcin kirki ba. Ya ce ita da ta yi boko ya kamata ta fi kowa sanin wanda zai riƙe ta da wanda zai jefa ta ruwa.

Mai Kemis ya shiga ciki. Ya gaida Mama har ƙasa, ya wanke hannu, ya buɗe firij, ya ɗauko kwalbar. Ya zuƙi maganin cikin natsuwa, ya nufi gadon.

Auta ta dubi sirinjin. Allura biyu a jere, ga tsohuwar da ba ta ci wani abin kirki ba tun rana, ta san inda hakan ke kai mutum. Ta dubi Mama. Mama ma ta sani, idonta yana kan tsinin. Amma sai ta fara ɗaga gefen rigarta. Ta gwammace a soka mata da ta faɗa a gaban ɗanta.

"Dakata, Alhaji," in ji Auta. "Na riga na yi mata."

Mai Kemis ya tsaya. Ya dubi Auta da jakarta har yanzu a kafaɗa, gaban rigarta a jiƙe da ruwan tanki. Ya dubi gwangwanin. Mutum ne mai hankali. Ya mayar da murfin tsinin bai yi tambaya ba.

Auta ta miƙe ta fuskanci yayanta. Muryarta ba ta tashi ba, ba ta da ƙarfin tashi.

"Gaskiyarka ce, Yaya. Mama ba ta iya ba, kowa ya sani, kuma ba a barinta ko wuni guda. Ni kuma zan yi aure kafin wata mai zuwa ya ƙare, zan yi tafiyar mako guda. Don haka daga gobe kai za ka koya. Safe da la'asar."

Yaya ya ce shi? Ya ce ta san shi da allura. Ya ce ga aiki, ga leburori, ga matarsa ma ai mace ce, wannan aikin mata ne. Mai Kemis, cikin sanyin muryarsa, ya ce ba sai an wahalar da kowa ba, shi zai riƙa shigowa, ai taku kaɗan ne.

Duk suka juya ga gadon. Mama tana kallon Auta, Auta tana kallonta, kallon da ya fi duk maganar da suka yi tsawo.

"Likita, Allah ya saka da alheri," in ji Mama. "Amma ina da ɗa." Ta buga katifa da tafin hannu. "Zo nan, kai. Ba bakin ƙofa ba. Nan."

Yaya Babba ya shigo kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ya zauna, gadon ya yi ƙara. Mama ta kama ƙaton hannunsa ta ɗora a kan damtsenta, ta ce sanyi gare shi kamar ƙarfe, ya fara koyon ɗumamawa tukuna. Auta ta ɗauko lemo daga kan firij da sabon sirinji ta ajiye masa a cinya, ta ce ya yi ta sokawa har hannunsa ya daina rawa, lemo ba ya kuka.

Mai Kemis ya rufe jakarsa. A tsakar gida ya ɗan tsaya ya dubi katangar da ta raba su, ya ce ai tana da kyau ma yadda take. Ya yi mata fatan alheri ya fita.

Tana gyara mayafi muryar Mama ta biyo ta ta taga.

"Mako guda kika ce?"

"Mako guda, Mama."

"Ki tafi da rigar sanyi. An ce bakin ruwa da iska."

A bakin layi ta tsaya ta nemo lambar. Rana ta yi ja, ta sauka a kan rufin shaguna. Wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, har ta fara fidda rai, sai aka ɗaga. Rugugin inji ya cika mata kunne, da iska, da muryar dattijuwa tana cewa wace ce, a ɗaga murya, sun riga sun tashi.

"Ni ce, Inna. Mai tambayar tsani. Ɗakin nan, a riƙe mana."

"Me kika ce, 'yar nan? A saki?"

"A riƙe!"

Wani mai wucewa ya juyo ya kalle ta. A wayar kuwa babu inji, babu iska, babu kowa. Ta sake kira, aka ce ba a samun lambar. Ta sake, haka. Kwale-kwalen ya shiga inda waya ba ta kamawa, ya tafi da amsarta ko da rabinta, ba ta sani ba, kuma babu mai gaya mata sai wata Asabar.

Ta tsaya da wayar a hannu. Yau ita ce a wannan gefen, mai kira ba a ɗauka. Ta ji yadda abin yake, ta kuma ga ba ta mutu ba.

Wayar ta sake rawa. Yaya Babba ne, daga cikin gida, ƙila yana son ya ji ta wane gefe ake soka lemo. Ta dube ta har ta gama, sannan ta danne maɓallin, fuskar ta yi baƙi.

Ta tsayar da tasi ta faɗa masa layin masu gilashi, inda shagon Kyaftin yake, ta ce don Allah ya ɗan taka. Saura ƙiris rana ta faɗi, kuma tana so ta mayar da wayar cikin tankin nan, kusa da tasa, kafin ya ɗaga murfin.